Tambayoyinku: Takardar Koyon Tuƙi da Abin da Ta Halatta

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka shigo wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: takardar izinin koyon tuƙi a Ghana, yadda ake samunta, da iyakar abin da ta halatta wa mai ita. Na zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili. Kamar kullum ba na sa sunan kowa, unguwa kawai. Ni direba ne, na yi jigila a hanyar Kumasi zuwa Tamale da Bawku kafin in koma koyar da tuƙi, don haka abin da zan faɗa daga sitiyari ya fito da kuma littafin doka.

Tambaya: Baba, ni tela ce, shekaruna 22. Na gaji da biyan pragya (keken haya mai ƙafa uku) kullum zuwa kasuwar Kejetia sayen yadi, kuma yayana da ke Jamus ya ce zai turo mini ƙaramar mota in har na yi lasisi. Wasu sun ce in fara da DVLA, wasu sun ce makarantar tuƙi. Wanne ne gaba? (Wata budurwa, Aboabo)

Amsa: 'Yata, Allah ya saka wa yayanki da alheri, ya san abin da yake yi da ya sa lasisi a gaban mota. Duka biyun za ki je, amma makaranta ce farko.

Hukumar da ke ba da lasisin tuƙi a Ghana ita ce DVLA, wadda aka kafa da dokar majalisa a 1999. Tana aiki ne da dokar hanya ta 2004 da kuma ƙa'idojin da aka fitar a 2012, waɗanda za ki ji 'yan sanda da shugabannin tasha suna kira L.I. 2180. Sharaɗin farko shi ne cika shekara 18, kin wuce nan. Na biyu Ghana Card, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Ki ɗauko shi yau ki duba yadda aka rubuta sunanki da ranar haihuwarki, domin mu mutanen Zongo muna fama da wannan: a takardar makaranta sunan kaka, a kati sunan mahaifi, ko kuma harafi ɗaya ya saɓa. Abin da ke kan katin shi za ki ba makaranta, harafi da harafi, don kada a mayar da ke gida ranar ɗaukar hoto.

Sannan ki nemi makarantar da DVLA ta yi wa rajista. Ba duk mai tsohuwar mota da allon L na ɗan koyo a bayanta ne makaranta ba. Ki shiga ofishinsu ki ce a nuna miki takardar shaidar hukuma. Mai ita a bango yake rataye ta, kuma tambayar ba ta ɓata masa rai. Ki leƙa cikin motar koyarwar ma, ki duba ƙasan kujerar gaba inda malami ke zama: ya kamata ki ga birki na biyu a wurin ƙafarsa. Wannan ƙarfen ne zai raba ki da kwata ranar da ƙafarki ta ruɗe ta taka totur a maimakon birki, kuma babu ɗan koyon da irin wannan ranar ba ta zo masa. Hukuma ta wajabta horo na awa 48 a irin wannan makarantar. Kada ki yarda a rubuta miki awannin da ba ki yi ba. Kuɗinki kika biya, ki ci moriyarsu har ƙarshe.

Akwai gwajin ido. Za a sa ki rufe ido ɗaya ki karanta haruffa daga nesa, sannan ki rufe ɗayan. In kina sa tabarau ki tafi da shi, ba aibu ba ne. Na tsaya a kan wannan ne saboda sana'arki: mai ɗinki wuni take tana kallon bakin allura, sai ta daɗe ba ta lura cewa abin da ke nesa ya fara yi mata hazo-hazo ba. In aka ce idon na son gilashi, ki yi shi tukuna.

Daga nan za a ɗauki hotonki da zanen yatsunki, ki biya kuɗi a inda hukuma ta ce a biya, ki karɓi rasit ki adana. Sai a ba ki takardar izinin koyo, wadda ke aiki wata uku. Kafin ki riƙe lasisi na gaske sai kin ci jarrabawar ƙa'idojin hanya a kan kwamfuta, kin kuma ci gwajin tuƙi a titi da jami'in hukuma a gefenki, wanda ke zuwa bayan watannin koyon. Ajin da kike nema shi ne B, na ƙananan motoci.

Ga abin da ba ki tambaya ba: ki koyi mai giyar hannu. Da yawan motocin da ake turowa daga Jamus masu kuloci ne, kuma wanda ya iya kuloci otomatik ba ta ba shi wuya, amma wanda ya tashi a otomatik sai ya sake zama ɗan koyo. Kumasi kuwa gari ne na hawa da gangara. Ki matsa wa malaminki ya kai ki kan tudu, ya sa ki tsaya cak, ki ja birkin hannu, ki sa giya ɗaya, ki riƙa ɗaga kuloci sannu-sannu har ki ji ƙarar injin ta sauya, motar ta fara ja kamar tana son tafiya, sannan ki saki birkin. Ki yi ta maimaitawa har ƙafarki ta haddace wurin. Ranar da gosulo ya tsayar da ke a kan hawa, trotro, wato bas ɗin haya, na manne da bayanki yana zuba hon, wannan darasin ne zai fid da ke.

Tambaya: Malam, ɗana ya karɓi takardar koyo mako uku da suka wuce, kuma gaskiya hannunsa ya faɗa. Ni kuma ciwon ƙafa na damuna. Ina so ya riƙa kai mahaifiyarsa kasuwa da ƙannensa makaranta, nan cikin unguwa kawai, ba nisa. Abokina ya ce tunda akwai takarda da allon L, ɗan sanda ba zai taɓa shi ba. Haka ne? (Wani Alhaji, Tafo Zongo)

Amsa: Alhaji, Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce. Amma abokinka bai faɗa maka daidai ba, kuma ina roƙonka don Allah kada ka miƙa wa yaron nan makulli a kan wannan maganar.

Takardar da ke hannun ɗanka ba ƙaramin lasisi ba ce, ba kuma lasisin cikin unguwa ba ce. Izinin koyo ne, koyo kuwa ba ya yiwuwa sai da mai koyarwa. Duk lokacin da tayar motar za ta juya a kan titi, dole mai koyarwa mai cikakken lasisi yana zaune a kujerar gaba kusa da shi, idonsa biyu, hankalinsa a kan hanya. Allon L ja a gaba da baya, inda kowa zai gani, ba a jefa shi cikin but ba. Takardar kuma tana jikinsa. In babu mai koyarwa a motar, ɗanka a wajen doka mutum ne da ke tuƙi ba lasisi, ko da daga ƙofar gida zuwa masallaci ne. Allon L a motar da yaro ke ja shi kaɗai jawo hankalin 'yan sandan hanya na MTTD yake yi, ba ya kore su. Kuma laifin ba a kan yaron kaɗai zai tsaya ba, mai motar da ya ba da makulli shi ma doka za ta hau kansa.

Ka tuna da inshora. Takardar inshorar motarka tana da sharaɗi a kan wanda aka yarda ya tuƙa ta. In tsautsayi ya faru alhali ɗan koyo ne shi kaɗai a sitiyari, kamfani na iya cewa an karya sharaɗi, sai ka wayi gari gyaran motar wani da kuɗin asibitin wani duk sun dawo wuyanka. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda kuɗi ne.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne "nan cikin unguwa kawai, ba nisa". Alhaji, ga ɗan koyo babu wurin da ya kai unguwa haɗari. Ka tsaya a ƙofar gidanka lokacin da aka tashi yara daga makarantar Islamiyya ka duba titin da idon direba. Kwata a buɗe hagu da dama. Mai waake ta kafa tebur a bakin kwalta. Pragya na kurɗawa ta damarka, ta inda madubi ba ya nunawa. Tumaki na tsallakawa, yara na bin juna da gudu ba sa duban kowa. Ba banza ba doka ta ce kilomita 30 a awa kusa da makaranta, masallaci, coci, kasuwa da asibiti, 50 kuma a sauran cikin gari. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Ɗan koyo kuwa har yanzu yana sunkuyar da kai ya duba sandar giya kafin ya sauya. Wannan ɗan sunkuyawar, mita 14 ke nan motar ta tafi ba mai kallon gabanta. In ya ninka gudun kuma, tazarar da birki ke bukata kafin motar ta tsaya ninki huɗu take yi, ba biyu ba.

Na yarda hannunsa ya faɗa. Hannu da ƙafa suna saurin koyo, musamman ga matashi, mako uku ya ishe su. Ido ne ke ɗaukar lokaci. Tsohon direba in ya ga ƙwallo ta gangaro kan titi, ƙafarsa ta riga ta hau birki kafin yaron da ke bin ta ya ɓullo. In zai wuce bas ɗin haya Sprinter da ta tsaya sauke fasinja, ƙarƙashinta yake leƙawa ko zai hango ƙafafun mai shirin tsallakowa. In ya ga tayar gaban motar da ke fake ta karkata waje, ya san mai ita na shirin fitowa ko bai sa sigina ba. Ba a haifi kowa da wannan ba. Ana samun sa ne in wani na zaune a gefenka yana cewa, "Ka ga ƙafafun can? Sassauta." Amfanin wata ukun ke nan, kuma dalilin da ya sa aka ce sai da mai koyarwa ke nan. Hajiya da yara ba za su yi masa wannan aikin ba. Su fasinjoji ne, kuma fasinjojin da ya fi ƙauna a duniya. Ga hira, ga "tsaya nan in sayi tumatir", ga ƙanne na faɗa a baya, duk a kan yaron da ko sauya giya bai gama zame masa jiki ba.

Shawarata: ku yi yarjejeniya da wani mai tasi ko mai pragya da kuka amince da shi na ɗan wannan lokacin. Yaron ya ƙarasa awanninsa a makaranta. In lasisinka bai mutu ba kuma ƙafar ta bar ka ka zauna a mota, ka je ka ga malaminsa ku tsara yadda za ka taimaka masa da ƙarin atisaye a wuri mara cunkoso. Ni a kan kaina ba na fitar da sabon ɗan koyo da dare, ko bayan an sauko daga Juma'a, ko ranar Asabar da rumfunan makoki ke toshe tituna a garin nan, balle babbar hanyar Accra. Waɗannan sai a hankali, ɗaya bayan ɗaya, in ido ya fara buɗewa. Wata biyu da 'yan kwanaki suka rage, Alhaji. Ka daure.

Tambaya: Masta, ni yaron mota ne, shekaruna 21, na daɗe ina bin Sprinter. Ni nake juya ta a tasha, ni nake kai ta wanki, ribas ɗina ko maigidana yana yabawa. Me zan je yi a makaranta tare da waɗanda ba su san giya ɗaya ba? Akwai wani da ya ce in kawo kuɗi da hoto, mako biyu zai kawo mini lasisi ba jarrabawa. (Wani matashi, Akwatia Line)

Amsa: Ɗana, na yarda ka iya juya mota. Da yawan manyan direbobin da na sani ta nan suka fito, daga ƙofar mota zuwa wurin wanki zuwa sitiyari, kuma ban taɓa raina wannan hanyar ba. Tasha tana koya wa mutum jin mota a jikinsa, ya san faɗinta da tsawonta ba sai ya leƙa ba, ya gane ciwon inji daga ƙararsa. Makaranta ba za ta ba ka wannan a awa 48 ba.

Sai dai tasha tana koyar da wasu abubuwan tare da waɗannan, kuma kai ba ka ganin su domin a cikinsu ka tashi. Aron hannu in gosulo ya yi tsawo. Taka birki a tsakiyar titi don an ɗaga maka yatsa. Danna hon a inda ya kamata a sassauta. Cire giya a gangara don tsimin mai, alhali motar da ba ta cikin giya birki kaɗai ke riƙe da ita, in ya yi zafi kuwa ba abin da ya rage. Tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na waje. Bel sai an hango 'yan sanda. Jami'in gwaji ba ribas ɗinka kawai zai duba ba. Zai lura ko ka duba madubi kafin ka tashi, ko ka sa sigina da wuri, ko ka tsaya wa mai ƙafa a wurin tsallakawa. Na ga yaran mota masu gwanintar hannu sun faɗi a nan, 'yar makarantar da ba ta fi wata uku da fara taɓa sitiyari ba ta wuce. Kai abin da zai kai ka makaranta sauke wasu halaye ne, da sanin dalilin kowace ƙa'ida.

Mutumin da ya yi maka alkawarin mako biyu kuwa, irinsu ne ake kira 'yan goro, kuma DVLA da kanta ta sha yin gargaɗi a kansu. Ka yi tunani: lasisin gaske yana tafiya da hotonka da zanen yatsunka da aka ɗauka a ofis, bayananka na cikin kwamfutar hukuma. Wanda bai kai ka gaban na'urar ba, me zai kawo maka? Kati mai kyan gani wanda ba shi da asali. Zai iya wuce wa wani shingen da dare, amma ranar da aka duba lambarsa, ko ranar da haɗari ya faru, laifinka ya tashi daga tuƙi ba lasisi ya koma riƙe takardar jabu. In ma ka tsira daga wannan, lasisi ana sabunta shi duk shekara biyu. Ranar da ka je sabuntawa aka nemi sunanka aka rasa, ina za ka ga mutumin?

Ga kuma lissafin da nake so ka yi. Doka ba ta yarda mutum ya ja motar haya ba sai ya cika shekara 25. Kuma ba a fara lasisi daga sama: da B ake farawa, a yi tuƙi da shi, sannan a nemi ƙari zuwa C, wanda shi ne na irin motar da kake bi, daga nan D, har zuwa F na manyan tireloli. Ke nan ko yau aka ba ka kati, kujerar maigidanka ba ta halatta gare ka ba sai nan da shekara huɗu. To gaggawar ta mece ce? Ka yi B na gaskiya yanzu, ya riƙa tsufa a aljihunka da sunanka a kwamfuta. Lokacin da ka kai 25 kana da tarihin da za ka nemi ƙari da shi, kuma mai motar da ke neman direban amana kai zai fara kira. Ka gaya wa maigidanka wannan shirin. In mai son ci gabanka ne zai ɗaga maka ƙafa na 'yan awanni a mako.

Tambaya: Malam, ni makarantar allo na yi, bokona bai yi nisa ba. Ina sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine, Allah ya rufa asiri har zan iya sayen mota, amma tsoron jarrabawar kwamfutar nan ya hana ni zuwa shekara da shekaru. (Wani ɗan kasuwa, Asawase)

Amsa: Ƙanena, kan da ya riƙe izu-izu na Alƙur'ani, ya kuma riƙe lambobin kayan mota ɗari-ɗari, alamomin hanya ba za su gagare shi ba. Jarrabawar ba rubutun insha'i ba ce. Tambaya ce ke fitowa, da amsoshi a ƙarƙashinta, ka zaɓi ɗaya. Ka nemi makarantar da ke da kwamfutar gwaji, ka zauna a gabanta sau da yawa har hannunka ya daina rawa. Hukumar ta kuma sanar da tsarin yin jarrabawar da murya cikin wasu harsunan ƙasa, da Hausa a cikinsu, don haka tun ranar rajista ka faɗi cewa shi kake so a duba maka.

Alamomin da siffarsu ake fara gane su, kafin abin da aka zana a ciki. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi take yi: kwana a gaba, makaranta, gangara, hanya za ta tsuke. Da'ira mai jan baki hani ce: kada ka shiga, kada ka wuce wata mota, kada ka haura wannan gudun. Da'ira shuɗiya umarni ce, bi nan. Mai kusurwa uku da aka kifa kanta ƙasa tana cewa ka ba na babbar hanya wuri. Ja mai kusurwa takwas kuwa tsayawa ce cak, taya ta daina juyawa, ko da ba ka ga kowa ba. In ka riƙe wannan, rabin littafin ya zo hannu. A kan kwalta kuma, layin da bai yanke ba ba a tsallaka shi don wuce wata mota. Fitilar danja in ta nuna ruwan ɗorawa, shirin tsayawa take nufi, ba ƙara wuta ba, sai fa in ka riga ka yi kusan da tsayawar za ta jawo haɗari.

Shataletale yana yawan fitowa a tambayoyi, ga na Suame nan kusa da shagonka. Tun ranar 4 ga Agusta 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka a shataletale wanda ya riga ya shiga, wato mai zuwa ta hagunka, shi ke da hanya. Kai mai shiga kai ne mai jira. Na san ba haka kake gani ana yi a Suame da yamma ba, amma amsar littafi ke nan, ita ce kuma daidai. Ka riƙe lambobin gudu: 30 da 50 na ambata a amsar Alhaji, sai 90 a babbar hanya tsakanin garuruwa, da 100 a kan motowe ta Accra zuwa Tema. Ka riƙe cewa waya a hannu ana tuƙi haramun ce a doka, bel kuma wajibi ne.

Yadda za ka yi karatun: ka sa ɗanka ko yaron shagonka ya riƙa karanta maka shafi biyu na littafin ƙa'idojin hanya bayan sallar isha'i, kana duba hotunan. Da safe in ka shiga trotro ka nemi kujerar gaba, duk alamar da kuka wuce ka faɗi ma'anarta a zuci, wadda ta shige maka duhu ka tambaya da dare. Ka fara tun ranar da ka yi rajista, ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: Baba, maigidana ne ke koya mini a wani fili ranar Lahadi. Mutumin kirki ne, amma da mota ta mutu a hannuna sai ya hau faɗa, har na fara jin tsoron sitiyarin. Ina tunanin in haƙura. (Wata uwargida, Sawaba)

Amsa: Hajiya, kada ki haƙura. Mota tana mutuwa a hannun kowane ɗan koyo, saurin sakin kuloci ne kawai, kuma yana wucewa. Maigidanki ma tsoro ne ke sa shi faɗan: yana zaune a kujerar da ba birki, ga matarsa, ga motar da ya sha wuya kafin ya saya. Iya tuƙi daban, iya koyarwa daban.

Ki roƙe shi ya sa ki a makaranta. Ko ba don faɗan ba dole ne ki je, domin darasin Lahadin nan ba ya shiga lissafin awannin da hukuma ke nema, kuma ba ki ambaci takardar koyo a wasiƙarki ba. In babu ita, kada ki fito da motar daga filin zuwa titi. In kin fi sakewa da mace, ki tambaya tun kafin ki biya ko suna da malama.

Kai kuma maigida, in wannan shafin ya iso gare ka: ka yi abin kirki da ka fara koya mata, ka ƙarasa shi. Ka tuna akwai daren da za ka yi tafiya, zazzaɓi ya rufe yaro, mota na fake a ƙofar gida, asibitin Komfo Anokye kuma ba a bayan ɗaki yake ba. In za ka zauna a gefenta, ka riƙa faɗin abu tun da sauran tazara, da murya ƙasa-ƙasa: "In mun wuce waccan bishiyar za mu juya dama, fara sassautawa." Ihun "juya, juya" a bakin kwana ba ya koya wa kowa komai.

Tambaya: Takardata ta koyo ta ƙare ban yi gwajin titi ba, tafiya ce ta kama ni zuwa Bawku. Zan iya ci gaba da ita? Kuma ina da babur, shi ma sai da lasisi? (Wani magidanci, Moshie Zongo)

Amsa: Ɗan'uwa, a'a. Daga ranar da ta ƙare ba ta halatta maka komai, ko da malami na gefenka. Ka ɗauki tsohuwar takardar da rasit ɗinka da Ghana Card ka koma ofis a sabunta maka kafin ka sake zama a sitiyari, kuma ka nemi makarantarka ta ba ka ɗan atisaye kafin ranar gwaji, tunda ka kwana biyu ba ka taɓa mota ba.

Babur kuwa yana da ajinsa daban, wato A, kuma lasisin B da kake nema ba zai rufe shi ba. Tunda za ka ofis ɗin, ka tambayi yadda za ka yi shi ma. Hular kwano wajibi ce a kanka da kan wanda ka goya, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa.